Akantan Da Karta Ɗaya Ta Raba Da Ofis

A cikin watan Mayu na shekarar 2003 wani magidanci ɗan shekara 27 ya sauka a birnin Las Begas na Jihar Nebada, can ƙasar Amurka, da 'yar jakarsa, da hular hana-sallah, da baƙin tabarau. Akanta ne, yana riƙe wa waɗansu gidajen sayar da abinci lissafi a birnin Nashbil na Jihar Tenesi. Ya baro matarsa a gida da jaririya 'yar wata uku, ya kuma baro bashin da albashinsa ya kasa kashewa. Sunansa Chris Moneymaker. Ma'anar sunan gidan nasu a Turance kuwa ita ce "mai yin kuɗi", saboda haka mutane da yawa da suka ji sunan suka ɗauka laƙabi ne ya ƙaga wa kansa don cika-baki, alhali kuwa gadonsa ya yi daga kakanni.

Abin da ya kawo shi shi ne babbar gasar duniya ta wasan kartar da ake kira foka, wadda aka fara a 1970 a gidan cacar Horseshoe na Benny Binion, wadda kuma tun daga 1972 kuɗin shigarta yake dala 10,000. Har ranar da ya taka ɗakin nan, akantan bai taɓa zama a teburin gasa ido da ido da mutane ba. Yakan yi wasa da abokai a gida, da kuma ta intanet da dare bayan ya taso daga aiki.

Mai karatu dai ya san karta, ya kuma san irin kallon da ake yi wa wanda ya mayar da ita hanyar cin abinci a ƙasar Hausa, inda addini ya haramta caca, iyaye kuma ba sa ba ɗan caca aure da daɗin rai. A Jihar Nebada al'amarin dabam yake, don tun 1931 doka ta halatta ta, har aka gina birni sukutum a tsakiyar hamada a kanta. Amma ko a can ɗin, a wancan zamani an fi sanin foka da tsofaffin 'yan duniya irin na Teksas, masu yawo gari-gari da kuɗi a aljihu. Ba a saba ganin akawu ko akanta a cikinsu ba.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum tara ke zama a teburi, da mai rabo wanda ba ya cikin wasan. Kowa a ba shi karta biyu a kife, shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Sa'an nan a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Kafin a buɗe ukun farko, da kuma bayan kowace buɗewa, ana zagayawa kowa ya faɗi matsayinsa, ko ya zuba, ko ya biya abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya jefar da kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. A ƙarshe wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ke kwashe tulin. Karta mafi girma ita ce as, sai sarki, sai sarauniya, sai jak, sai goma har zuwa biyu. Biyu iri ɗaya sun fi warwara, uku iri ɗaya sun fi biyu, uku iri ɗaya tare da waɗansu biyu iri ɗaya kuwa, watau abin da suke kira cikakken gida, suna cikin manyan hannaye. To, amma ba lalle ne a kai ga buɗe hannu ba. In mutum ya zuba abin da ya tsorata sauran har duk suka jefar, ya ci ke nan, ko da babu komai a hannunsa, ba kuma mai tilasta masa ya nuna. Wannan ita ce burga, ita ce kuma gishirin wasan.

Gasa kuwa tana da nata sharuɗɗan. Kowa ya biya kuɗin shiga sai a ba shi ƙwandalolin wasa daidai da na kowa, waɗanda ko ruwan sha ba sa saye a waje. Akwai zubin dole da ke zagayawa a kan kowa, bayan kowane sa'o'i biyu kuma a ƙara shi, ta yadda mai laɓewa yana jiran karta mai kyau zai ga tulinsa yana narkewa kamar gishiri a ruwa. Ba iyaka ga abin da mutum zai iya turawa, yana iya tura duk abin da ke gabansa a zagaye ɗaya. Ranar da ƙwandalolinka suka ƙare sai ka tashi, ba rance, ba sake saye. A 2003 mutum 839 suka biya, 63 kaɗai aka tanadar wa lada.

Shi akantan ba shi da dala 10,000, ba shi ma da rabinta. Tun yana Jami'ar Tenesi ya kamu da caca a kan wasannin ƙwallo, ya ci har ya ɗauka ya iya, sa'an nan aka cinye shi, kamar yadda ya bayyana da kansa a littafin tarihinsa na 2005. Foka kuwa wani fim mai suna Rounders, na 1998, shi ya ja shi gare ta, kamar yadda ya ja dubban samarin Amurka. Wata rana ya shiga wata ƙaramar gasa a dandalin PokerStars da dala 86, ya ci. Ladan da aka ba shi kujera ce a wata gasar share fage mafi girma, inda mutum uku na farko za su sami kujerar Las Begas, na huɗu kuma a ba shi dala 8,000 a hannu. Abin dariya a nan shi ne na huɗun yake so ya zo. Dala 8,000 za ta sauke masa bashin da ke wuyansa, kujera kuwa a ganinsa kai kai mayanka ne a hannun ƙwararru. Yana cikin wannan shawara sai wani abokinsa ya hana shi, ya ce kada ya kuskura, shi zai sayi rabin kujerar. Ya dage ya ci kujera, abokin kuma da lokacin biya ya zo ya ce babu. Ƙarshenta mahaifinsa da wani abokin nasa dabam suka ba shi dala 2,000 kowannensu, a kan kowa yana da kashi 20 cikin 100 na abin da ya samo, in ya samo. Da wannan ya yi guzuri.

Talabijin kan nuna gasar kamar yaƙi ne daga farko har ƙarshe, amma akasarinta zaman jira ne. Ana shafe sa'o'i 12 ko fiye a kan kujera ɗaya, a cikin sa'a guda da ƙyar a yi rabo 30, a mafi yawansu kuma abin da mai hankali zai yi shi ne ya leƙa kartarsa ya jefar. Baya ya ƙage, ido ya yi yaji, ga yunwa, ga mutum takwas suna karanta jijiyar wuyanka da motsin yatsunka. Wanda ya saba wasa a gaban kwamfuta, inda ba mai ganin hannunsa yana rawa, a nan yake fara sanin cewa yana da fuska. Hular akantan da tabaransa a nan suka yi masa rana, don a bayansu ya ɓuya.

Ranar farko ya tashi da kusan ninki shida na abin da aka ba shi. A rana ta uku aka kai shi teburin da ake ɗauka da kyamara, sai ga shi ga Johnny Chan, zakaran 1987 da 1988, mutumin da ya sha kallo a cikin fim ɗin nan. A nan ya yi abin da ya tona asirinsa. Ana cikin wani zagaye ya zura wa Chan da Howard Lederer ido yana jira ya ga yadda za su ƙare, teburi ya yi tsit, sai da aka tuna masa cewa shi ake jira, kartarsa tana gabansa bai jefar ba. Aka yi dariya, ya ba da haƙuri. Kafin a tashi ran nan shi ne ya fitar da Chan daga gasar.

Daga nan sa'a da iyawa suka riƙa karɓa-karɓa, har mutum ya rasa wadda zai yaba. Ya kara da Humberto Brenes, ƙwararre ɗan ƙasar Kosta Rika, ya tura masa tuli da takwas da takwas a hannu, ashe Brenes as da as yake riƙe da su, watau hannun da ya fi kowane hannu a farkon rabo. Karta biyu kacal suka rage a ƙunshin da za su cece shi, damar da ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Ta huɗu da aka buɗe sai ga takwas. Kuskure ne tsantsa ya yi, aka biya shi lada a kai. Amma kuma a wani zagayen wani saurayi mai suna Dutch Boyd ya tura masa duka da burga, shi kuwa uku da uku kawai gare shi, ya yi shiru ya auna mutumin, ya biya, ya kuwa yi daidai. Wannan kam dole a ba shi abinsa.

Zagayen da ya raba rayuwarsa biyu ya zo ne gab da asuba, a ƙarshen rana ta huɗu, sa'ad da ya rage saura mutum goma, ana jira ɗaya ya fita a tafi barci, tara su dawo teburin ƙarshe. Abokin karawarsa Phil Ivey ne, saurayin da a shekarar 2002 kaɗai ya ci mundaye uku na zinariya, irin waɗanda ake ba duk wanda ya lashe ɗaya daga cikin gasannin bikin, wanda kuma manyan wasan suka riga suka fara yi masa kallon wanda zai gaje su. Akantan yana da as da sarauniya. Aka buɗe ukun farko, sarauniya, sarauniya, shida. Ga shi da sarauniya uku, ya tabbata a ransa ba mai ja da shi. Ivey tara da tara gare shi, bai jefar ba. Ta huɗu ta faɗo, tara. Ivey ya haɗa cikakken gida, ya tura duka, akantan ya biya ba tare da wani dogon tunani ba, aka buɗe hannaye, ya ga ramin da ya faɗa. A cikin karta 44 da ba a gani ba, bakwai ne kawai za su fid da shi. Mai rabo ya juya ta biyar, as. Ivey ya miƙe ya fita a matsayin na goma. Da wata kartar ce ta zo, akantan ba zai fita nan take ba, amma da Ivey ne zai wayi gari da babban tuli a teburin ƙarshe, kuma da wuya a ce yau akwai mai tuna sunan wani akanta daga Tenesi.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a yi lissafin da akanta ya fi kowa sani. Mai riƙe da as da as, in ya kara da mai ƙananan karta biyu iri ɗaya, yakan ci kamar sau huɗu cikin biyar. Ka ga ai rinjaye ne babba. To, amma a gasar kwana biyar mutum ba sau ɗaya zai sa ransa a faranti ba. In ya yi irin wannan karawa sau biyar, kowace yana da wannan rinjayen, damar ya tsallake duka biyar ɗin ɗaya ce cikin uku. In sau goma ne, ta koma kusan ɗaya cikin goma. Watau ko wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba, fita ta fi kusa da shi. Duk wanda aka gani da munduwa a hannu, gwani ne ko sabon shiga, sai da karta ta yafe masa a wurare da dama. Bambancin kawai shi ne gwani ya san haka, zai kuma dawo gobe da jibi har lissafi ya daidaita, ɗan sha'awa kuwa hutun shekara ɗaya gare shi da kuɗin shiga ɗaya.

A teburin ƙarshe aka yi ta raguwa har Dan Harrington, zakaran 1995, ya fita na uku, ya rage akantan da Sam Farha, haifaffen Beirut mazaunin Teksas, mai fara'a da sigarin da ba ya kunnawa a leɓe, mutumin da ya saba zuba dukiya a teburi ba tare da ya ƙifta ido ba. Akantan yana da kusan ninki biyu na ƙwandalolin Farha, duk da haka ya yi masa tayin su raba kuɗin, ba su daidaita ba. Sai aka zo zagayen da har yau ake nunawa. Farha yana da sarauniya da tara, tara kuma ta faɗo a tsakiya, ita ce mafi girma a cikin biyar ɗin. Akantan sarki da bakwai gare shi, yana farautar kartar da za ta haɗa masa hannu, ba ta zo ba, ya tashi ba ko biyu iri ɗaya. Ya ce ya tura duka. Farha ya daɗe yana jujjuya ƙwandaloli, yana jan shi da magana ko zai ji muryarsa ta karye, har ma ya faɗi daidai abin da ya faru, cewa kartarsa ce ba ta zo ba. Akantan ya zauna kamar gunki a bayan tabarau. Farha ya jefar da hannun da ya fi. Ba da jimawa ba aka zo na ƙarshe, akantan da biyar da huɗu, Farha da jak da goma, tsakiya ta kawo jak da biyar da huɗu, ta rufe da wata biyar. Aka jibge dala miliyan biyu da rabi a kan teburi, mahaifinsa ya rungume shi. Farha ya tafi da dala miliyan 1.3.

Tsuntsu daga sama gasasshe, in ji masu iya magana, amma ba su faɗi yawan masu jiran a yaga musu ba. Dala miliyan ɗaya ta tafi ga mutum biyun da suka yi masa guzuri, hukumar haraji ta ɗauki nata, ya kuma ba da dala 25,000 don binciken ciwon daji. Ya koma Nashbil ya ci gaba da zuwa ofis kamar ba abin da ya faru. Sai gidan talabijin na ESPN ya fara nuna gasar kashi-kashi, da 'yan ƙananan kyamarori a bakin teburi masu nuna wa 'yan kallo kartar da kowa ya ɓoye. Amurka duka ta ga burgar da aka yi wa Farha, ta ga cewa mai yin ta kamar maƙwabcin kowa yake, ga tumbi, ga kunya. Daga nan zaman ofis ya gagara. PokerStars ta ɗauke shi ya zama fuskarta, a watan Maris na 2004 ya zo na biyu a wata babbar gasa a Kalifoniya ya sami dala 200,000, a shekarar nan kuma ya ajiye aikin akanta.

A shekarar nan dai aurensa ya mutu. Shekara goma bayan nasarar ya yi magana a kai ba tare da ya ɗora wa matar laifi ba. Ya ce ita akanta mai kwana a gida ta aura, ba ta taɓa amincewa da zaman mai yawon duniya yana caca da manyan kuɗi ba, ya kuma ce ya gwada ya zauna a ofis ya zama mutumin da ta aura, amma gaskiya ransa ba ya so. Wannan magana ta fi burgar da ya yi wa Farha nauyi, ko da yake ba a nuna ta a talabijin sau ɗari. Bashin da ya fita nema wa magani dala 8,000 ne, da kuma ya zo na huɗun nan da yake so, da ya biya shi ya kwanta. As ɗin da ta faɗo gab da asuba ta biya bashin, ta kuma kwashe ofis da gida a tafi ɗaya. Ya sake aure a 2005.

Abin da ya biyo baya a Las Begas kuwa ambaliya ce. A 2004 mutum 2,576 suka shiga, a 2005 suka kai 5,619, a 2006 suka kai 8,773, wanda ya ci ya tafi da dala miliyan 12. Likitocin haƙori, da direbobin manyan motoci, da malaman makaranta, kowa ya ce in akanta ya iya me zai hana shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ladan nan daga aljihun 'yan wasan yake fitowa, gidan caca kuma yana cire kasonsa tun ba a raba karta ba. A shekarun nan kusan tara cikin goma hannu rabbana suke komawa gida, bayan kuɗin jirgi da na masauki da hutun da suka ƙona. Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne mai fita a bakin gaɓa. In aka zo saura mutum ɗaya a shiga kuɗi, sai a riƙa rabo ɗai-ɗai a dukkan tebura a lokaci guda, kowane teburi ya jira sauran, ɗaruruwan mutane suna miƙa wuya suna fatan wani bawan Allah da ba su sani ba ya faɗi. Da ya faɗi sai ɗaki ya ɗauki tafi da sowa, shi kuwa ya ratsa ta tsakiyarsu bayan kwana uku ko huɗu na wahala. A watan Oktoba na 2006 Amurka ta kafa dokar da ta toshe hanyar biyan kuɗin caca ta intanet, a 2007 adadin ya sauko zuwa 6,358.

A cikin waɗanda ambaliyar ta kwaso akwai wani da ya cancanci a ajiye shi kusa da akantan. Darvin Moon mai saran itace ne, ɗan shekara 45, daga garin Oakland a tsaunukan yammacin Jihar Merilan. Ba ya wasa ta intanet, a 'yan ƙananan gasannin da ake shiryawa a ƙauyukansu don tara wa 'yan kwana-kwana gudunmawa ya koyi irin wannan foka. A 2009 ya ci kujera da dala 130 a wani gidan caca a Birjiniya ta Yamma. Kasuwar katako ta faɗi a lokacin saboda karyewar tattalin arziki, har ya yi tunanin ya riƙe dala 10,000 ɗin ya sa a sana'a, daga bisani ya shiga. Zuwansa Las Begas shi ne hawansa babban jirgin sama na farko. A cikin mutum 6,494 shi ya kai teburin ƙarshe da tuli mafi girma, kusan kashi 30 cikin 100 na dukkan ƙwandalolin. A shekarun nan akan dakatar da gasar a watan Yuli, tara na ƙarshe su dawo a Nuwamba. Waɗansu suka ɗauki masu koyarwa suka duƙufa, Moon ya koma daji da zartonsa. Kamfanonin intanet suka yi ta binsa da kuɗi don ya manna tambarinsu a rigarsa, ya ƙi, ya ce bai saba da ubangida ba. Duk ɗan jaridar da ya tambaye shi sirrinsa kuwa amsa ɗaya yake ba shi, karta ce ta yi masa kyau.

Ikon Allah, a wannan teburi ma akwai Phil Ivey, wanda a lokacin ba a jayayya cewa yana cikin gwanayen duniya. Ivey ya tura duka da as da sarki, Moon ya biya da as da sarauniya, watau hannun nan dai na akanta, rinjaye kuma wajen uku ne a kan ɗaya a gefen Ivey. Sarauniya ta faɗo. Ivey, wanda ke gatsar tuffa yana kallo, ya fita na bakwai. Ya zuwa 2024 ya tara mundaye 11, amma babu ta babbar gasar a cikinsu. Moon ya kai karawar ƙarshe da Joe Cada, yaro ɗan shekara 21, aka yi ta kai-komo, Cada ya ci. Mai saran itacen ya karɓi sama da dala miliyan biyar ya koma Oakland. Ya rasu a watan Satumba na 2020 yana da shekara 56, bayan wata tiyata.

Moon ya kira abin da ya same shi da sunansa tun ranar farko, saboda haka ba wanda ya bi shi bashin hujja. Akantan kuwa da ya mayar da wasan sana'a, sai ya ɗauko wa kansa aikin da ya fi lissafin gidajen abinci wuya, watau ya tabbatar wa mutane cewa ba sa'a kaɗai ba ce. Ƙwararru suka daɗe suna yi masa kallon wanda ya tsinci dami a kala, kowane sabon shiga kuma burinsa ya koma gida ya ce shi ya fitar da Moneymaker, don haka ba a jin tsoron burgarsa, biya ake yi. Shekaru suka yi ta wucewa, wata da ɗan abin kirki, wata fayau. A 2011 ya zo na biyu a gasar karawar mutum biyu-biyu ta gidan talabijin na NBC ya sami dala 300,000, wanda ya kayar da shi kuwa Erik Seidel ne, mutumin da ake nunawa a fim ɗin Rounders Johnny Chan yana cinye shi a 1988. Wata ɗaya bayan haka, ran 15 ga Afrilu, hukumomin Amurka suka rufe manyan dandalin foka na intanet ga 'yan ƙasar, har da wanda ya ɗauke shi aiki, ƙofar da ya shigo ta cikinta ta rufe a bayansa. A 2019 aka sa sunansa a jerin manyan wasan na tarihi, a ƙarshen 2020 ya rabu da PokerStars bayan shekara 17. A cikin shekara 20 da suka biyo bayan nasararsa bai sake cin munduwa ba. Sai dai a watan Agusta na 2023, a wata gasar attajirai a Landan, ya zo na biyar a tsakiyar gwanayen zamani ya sami sama da dala miliyan biyu, lokacin da furfura ta riga ta fara.

Wata ɗaya kafin wannan, a Las Begas, mutum 10,043 suka biya dala 10,000 kowannensu, adadin da ya karya na 2006. Yana cikinsu, da hularsa. Ya yi kwanaki yana leƙa karta yana jefarwa, ya tura tulinsa a wani zagaye tun teburin ƙarshe yana da nisa, wannan karon kartar ba ta zo ba. Ya miƙe, mai rabo ya tattara ƙunshin ya gauraya, ya raba wa waɗanda suka rage.